Launin da ke kan hoton ƙwaƙwalwa: wa ya shafa shi, me kuma ya rufe?

Ga ƙwaƙwalwa toka-toka a fuskar kwamfuta, an yanka ta kwance kamar kabewa. A gefen hoton akwai ɗan akwatin da ake rubuta lamba, wato layin yankewa da sakamakon kowane wuri zai haye kafin a shafa masa launi. Ka rubuta 2.3, sai ja da rawaya su malale hagu da dama har su haɗe a tsakiya. Ka goge ka rubuta 3.1, sai na dama ya tsuke ya koma ɗigo, na hagu ya rabu gida biyu. Ka kai ta 4.5, ba abin da zai saura sai tabo ɗaya kamar ƙwayar wake a saman kunnen hagu. Mutanen da aka auna suna nan yadda suke, na'urar ba ta canja ba, lissafin ma ba a taɓa shi ba. Lamba ɗaya aka motsa, aka sami labari uku: na farko ya ce ɓangarorin biyu ke aikin tare, na biyu ya ce hagu ya fi, na uku ya ce wuri ɗaya tak ke da alhakin abin. Ɗaya daga cikinsu ne zai shiga mujalla, kuma shi duniya za ta gani.

Na daɗe ina jin ciwon yadda ake mayar da haɗa hotunan takardar bincike aikin ƙarshe, wanda ake bar wa ɗalibi ya ƙarasa a daren da za a tura takarda. A binciken hoton ƙwaƙwalwa, hoton shi ne abin da ake tunawa. Mai karatu zai manta da teburin lambobi, zai tsallake sashen da aka bayyana hanyar aiki, amma jan tabon nan zai zauna masa a rai. Daga mujalla zai shiga lacca, daga lacca ya shiga jarida, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa an gano mazaunin tsoro ko na soyayya. Gani ya kori ji, haka ne. Sai dai abin da ido ke gani a irin wannan hoto ya biyo ta hannaye da shawarwari masu yawa kafin ya iso gabansa.

Mu fara da abin da na'urar take aunawa. Na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, ba ta ganin ƙwayoyin jijiya suna aiki, jini take bi. Idan wani yanki na ƙwaƙwalwa ya dage da aiki, jini mai ɗauke da iskar oksijin yakan ƙaru a wurin, kuma jinin da ke riƙe da oksijin da wanda ya riga ya sauke nasa ba sa amsa maganaɗisu iri ɗaya. Seiji Ogawa da abokan aikinsa suka nuna haka a 1990. Amsar jinin ba ta zuwa nan take, sai bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida take kai ƙololuwa, kuma canjin da take kawowa a sigina ƙanƙane ne, sau da yawa kashi ɗaya ko biyu cikin 100, wani lokacin ƙasa da haka. Ana raba ƙwaƙwalwar zuwa ƙananan akwatuna da ake kira boksel, kowanne milimita biyu ko uku ta kowane gefe. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ka. Nikos Logothetis ya ƙiyasta a 2008 cewa boksel mai milimita kubik 55 yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan biyar da rabi.

Kowane boksel ana yi masa gwajin ƙididdiga nasa shi kaɗai. Ana tambaya, misali: siginar wurin nan ta fi tashi lokacin da mutum ke kallon fuskoki fiye da lokacin da yake kallon gidaje? Amsar takan fito a lamba ɗaya, t ko z, wato girman bambancin idan an raba shi da yawan hayaniyar da ke cikin awon. Waɗannan lambobi, dubu bisa dubu, su ake mayarwa launi. Ita kuwa ƙwaƙwalwar toka-toka da ke ƙasa, mai layuka tsaf-tsaf, hoto ne daban da aka ɗauka don ganin siffa kawai, kuma sau da yawa ba ta kowa ba ce cikin waɗanda aka auna. Duk hoton da ka gani shimfiɗa biyu ne, tabarma da abin da aka shanya a kanta, kuma mai haɗa hoton ne ya zaɓi kowanne.

Matsalar farko yawan gwaji ce. Ɗauka akwai boksel 100,000 a ƙwaƙwalwar, ka kuma yarda da kuskure sau 5 cikin 100 kamar yadda aka saba. Ko da babu abin da ke faruwa sam, boksel 5,000 za su haye layi su sami launi. Ka tsananta ka ce sau ɗaya cikin 1,000, har yanzu 100 za su haye. Craig Bennett da abokansa sun nuna wannan ta hanyar da ba a mantawa. A 2005, a kwalejin Dartmouth da ke Amurka, sun sa mataccen kifi irin na salmon a cikin na'ura, suka nuna masa hotunan mutane kamar yadda ake yi wa ɗan adam. Da aka yi lissafin ba tare da gyaran yawan gwaji ba, sai ga 'yan boksel sun ɗauki launi a cikin kan kifin. Da aka yi gyaran da ya kamata, komai ya ɓace. Sun gabatar da aikin a taron masu binciken taswirar ƙwaƙwalwa a 2009, a lokacin da takardu da yawa ke fitowa da hotunan da ba a yi musu wannan gyara ba.

Gyaran iri-iri ne, kuma kowanne alkawarin da yake ɗaukar wa mai karatu daban ne. Akwai mai cewa yiwuwar samun ko da boksel ɗaya na ƙarya a duk ƙwaƙwalwar ba ta wuce 5 cikin 100 ba. Akwai mai sassauci, wanda ya samo asali daga aikin Benjamini da Hochberg na 1995, mai cewa a cikin boksel ɗin da aka shafa wa launi, na ƙaryar a matsakaici ba za su wuce 5 cikin 100 ba. Na uku, wanda ya fi yaɗuwa, gyaran gungu ne. Ana fara yankewa a wata lamba, kamar 2.3 ko 3.1, sai a ƙirga girman kowane gungun boksel da ya haɗe, a tambaya ko gungu mai wannan girman zai iya haɗuwa haka kawai bisa katari.

A nan gizo ke saƙar. Idan gungu ya ci wannan gwaji, abin da hujjar ta ce shi ne akwai aiki a wani wuri cikin gungun. Ba ta ce kowane boksel da ke ciki yana aiki ba. Kamar ka ji ƙarar ganga daga wata unguwa ne: ka tabbata ana biki a can, amma ba ka da hujjar cewa kowane gida ake yi, ba ka ma san wane gida ba ne. Hoton kuwa ya shafa wa unguwar launi gaba ɗaya. Idan an fara yankewa a ƙasa, gungun yakan yi faɗi ya ratsa yankuna huɗu ko biyar, sai marubuci ya jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar kowanne ya tabbata. Choong-Wan Woo da Anjali Krishnan da Tor Wager sun yi gargaɗi a kan wannan a 2014.

Bayan shekara biyu, a 2016, Anders Eklund da Thomas Nichols da Hans Knutsson suka ɗauki bayanan mutum 499 masu lafiya da aka auna suna kwance ba sa yin komai, suka riƙa raba su rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a suna neman bambanci a tsakani, sau miliyoyi, da manhajojin SPM da FSL da AFNI. Ya kamata a sami bambancin ƙarya sau 5 cikin 100. A wasu saitunan gyaran gungu sai da ya kai 70. Abin ya fi muni idan an fara yankewa a 2.3, ya yi sauƙi a 3.1, kuma hanyar da ke sake cakuɗa bayanan da kansu don gano abin da katari zai iya haifarwa ita ta fi riƙe alkawarinta. Jaridu sun yi ta cewa takardu 40,000 sun rushe. Marubutan sun gyara wannan furuci daga baya, Nichols ya ce waɗanda matsalar ta fi shafa sun kusa 3,500. Duk da haka darasin ga mai haɗa hoto a fili yake: rubuta "an yi gyara" a ƙarƙashin hoto bai wadatar ba. Sai an faɗi wane irin gyara, a wace lamba aka fara yankewa, gungu mafi ƙanƙanta da aka bari boksel nawa ne, kuma duk ƙwaƙwalwar aka bincika ko wani yanki da aka ware tun farko.

Abin da ya fi damuna dai ba launin ba ne, wurin da aka bari babu launi ne.

Tuna fadama lokacin ambaliya. Ruwa ya shanye komai sai tudun da ya fi tsawo. Tudun da saura taƙi ɗaya ya leƙo da ramin da ya kai gaba biyu duk ɗaya suke a idon wanda ke cikin kwalekwale. Layin yankewa haka yake. Boksel mai 3.2 ya sami ja, maƙwabcinsa mai 3.0 ya koma toka-toka tamkar wanda lambarsa sifili ce. Tsakanin 3.2 da 3.0 kusan babu bambanci, amma a hoto ɗaya ya zama bincike, ɗaya ya zama shiru. Mai karatu kuwa, ko gwani ne, idonsa zai gaya masa cewa nan ana aiki, can ba a yi.

Daga nan wani kuskure babba ke tasowa. Za ka ga hotuna biyu kafaɗa da kafaɗa, na marasa lafiya da na masu lafiya. A ɗaya akwai tabo a wani yanki, a ɗayan babu, sai a rubuta cewa rukunan sun bambanta a wurin. Alhali wataƙila ɗaya 3.2 ne, ɗayan 2.9. Wanda ke son cewa rukuni biyu sun bambanta, ko hagu ya fi dama, dole ne ya gwada bambancin kansa kai tsaye, ya nuna taswirar wannan gwajin. Sander Nieuwenhuis da abokansa sun duba takardu 513 na kimiyyar ƙwaƙwalwa a manyan mujallu biyar a 2011. A cikin 157 da irin wannan kwatance ya taso, 79 sun faɗa kuskuren, 78 suka yi daidai. Rabi da rabi, a mujallun da kowa ke burin shiga.

Akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. A 2012 Elena Allen da Erik Erhardt da Vince Calhoun suka ba da shawarar a daina goge abin da bai kai layi ba, a bar shi ya dusashe sannu a hankali. Abin da ya haye layi a ba shi cikakken launi, a kewaye shi da baƙin zare. Abin da ya kusa hayewa a bar shi da launi mai ɗan haske, wanda ya yi nisa ya ƙara dusashewa har ya ɓace cikin tokar. Wato a rage ruwan ambaliyar ya yi garau, a riƙa hango tudun da ke ƙasa. Paul Taylor da abokan aikinsa na AFNI sun sake tayar da maganar a 2023, kuma misalin da suka ɗauka mai ƙarfi ne. A 2020 mujallar Nature ta buga wani aiki da aka ba tawagogi 70 bayanai iri ɗaya su gwada hasashe tara. Babu tawagogi biyu da suka bi hanya ɗaya sak, kuma a hasashe da dama amsoshin "e" da "a'a" sun rarrabu ƙwarai. Amma da aka dubi taswirorin kafin a yanke su, yawancinsu sun yi kama da juna fiye da yadda amsoshin suka nuna. Saɓanin da yawa a bakin layin yankewa aka haife shi.

Na san abin da masu adawa da wannan salo ke cewa, kuma ba maganar banza ba ce: idan ka nuna wa mutum launi, ko mai haske ne, zai ɗauke shi a matsayin sakamako, marubuci mai son zuciya kuma zai sami ƙofar tattauna abin da bai tabbata ba. Amsata ita ce baƙin zaren nan. Abin da ke cikin zare shi kaɗai ake da'awa a kansa a rubutu. Abin da ke waje yana nan ne don mai karatu ya ga ko ɓangaren dama ya kusa hayewa, ko gungun nan biyu asalinsu ɗaya ne, ko kuma launi ya bi gefen ƙoƙon kai da ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, wanda alama ce ta motsin kai ko wata hayaniya. Yankewa takan ɓoye sakamako na gaskiya, takan kuma ɓoye shaidar cewa awon ya gurɓata. Na fi son in ga duka biyun.

Sai tambayar wace lamba ma ya kamata launin ya wakilta. An saba shafa launi bisa t ko z, to amma waɗannan ba su da ma'auni irin na kilo ko mita, kuma suna girma idan aka ƙara yawan mutanen da aka auna ko da tasirin bai ƙaru ba. Ƙaramin canji a wuri mai tsabtar sigina zai iya fin babban canji a wuri mai hayaniya jan launi. Gang Chen da Taylor da Robert Cox sun ja hankali a kan haka a 2017: launi ya nuna girman tasirin, kamar kashi nawa cikin 100 sigina ta canja, ƙididdigar kuma ta yanke ko wurin ya cancanci zare. Likitan da ya ce maka hawan jininka ya tabbata bai gama magana ba sai ya faɗi nawa ya kai.

Zaɓen launin kansa fa? Shekaru da dama manhajoji sun saba da jerin launukan bakan gizo, daga shuɗi zuwa kore, rawaya, ja. Yana da ɗaukar ido, amma idon ɗan adam ba ya hawansa daidai wa daida. Rawaya ta fi ja haske, don haka tsakiyar ma'aunin kan fi ƙarshensa ƙyalli, kuma inda kore ya juye rawaya ido yakan ga iyaka mai kaifi alhali lambobin a hankali suke hawa. Michelle Borkin da abokanta a Harvard sun nuna a 2011 cewa masu duba hotunan jijiyoyin zuciya sun fi gano wuraren haɗari idan an bar launukan bakan gizo. Manhajar lissafi ta MATLAB ta sauya jerin launukanta a 2014, aka kuma ƙirƙiro viridis a 2015, jerin da haskensa ke hawa daidai da lamba, har ko an buga shi baƙi da fari ba ya rikicewa. Ga kuma masu matsalar bambance ja da kore, kusan namiji ɗaya cikin 12 a tsatson arewacin Turai, inda masu tace takardu da yawa suke. Wanda ya sa aiki ɗaya ja, ɗaya kore, ya rufe musu hoton.

Idan lambobin suna da sama da ƙasa, wato ƙari da ragi, ana amfani da launi mai ɓangare biyu, ja zuwa rawaya ga ƙari, shuɗi ga ragi, sifili a tsakiya daidai. Kuma a nuna ragin. An daɗe ana watsar da wuraren da sigina ke sauka lokacin aiki, sai da wasu suka kula cewa wurare ɗaya ne ke sauka ko wane irin aiki aka ba mutum. Daga wannan lura Marcus Raichle da abokansa suka bayyana a 2001 tsarin da ƙwaƙwalwa ke komawa idan ba a sa ta komai ba, wanda yau fage ne babba na bincike. Sandar launi mai lambobi a gefen hoto kuwa, barinta tuya ce aka manta da albasa. Hotunan da za a kwatanta da juna su kasance a ma'auni ɗaya, domin idan rawaya a na farko 5 ce, a na biyu 12, ido zai ɗauka daidai suke.

Mu koma kan tabarmar. Ƙwaƙwalwar mutane ta bambanta a girma da lanƙwasa, don haka kafin a haɗa sakamakon rukuni ana miƙe kowacce a matse ta ta dace da samfuri ɗaya. Wanda aka fi amfani da shi, MNI152, matsakaicin ƙwaƙwalwar mutum 152 ne daga cibiyar binciken jijiya ta Montreal a Kanada. Kafinsa akwai taswirar Talairach da Tournoux ta 1988, wadda aka zana daga ƙwaƙwalwar mace ɗaya dattijuwa bayan rasuwarta. Lambobin wuri na tsarin biyu ba su zo ɗaya ba, a wasu sassan tazarar takan kai milimita da dama, saboda haka dole a faɗi da wanne aka auna. Bayan daidaitawa ana yi wa bayanan sulɓi, a cakuɗa kowane boksel da maƙwabtansa a faɗin milimita shida zuwa takwas. To ka ɗauki wannan sakamako mai hazo ka ɗora shi a kan Colin27, ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da aka ɗauka sau 27 aka haɗa don ta fito tar. Ido zai ga tabon zaune daram a kan lanƙwasa guda, alhali awon bai kai wannan kaifin ba. Gaskiya ta fi fitowa idan an shimfiɗa matsakaicin ƙwaƙwalwar mutanen da aka auna, ko da ta ɗan yi dishi-dishi. Dishi-dishin nan shi ne iyakar abin da aka sani.

Maganar hagu da dama ta taɓa cin mu, ni da abokan aikina. Likitocin hoto suna kallon majiyyaci kamar suna tsaye a ƙafafunsa, don haka hagunsa yana dama a hoto. Masu binciken jijiya da yawa suna kallo daga bayan kai, hagu a hagu. Duka biyun halal ne, kuma manhajoji sun rabu a kai. Wata rana muka buɗe sakamakon wani aikin harshe da aka turo mana daga wani ɗakin bincike, muka ga aikin ya taru a dama a wurin kusan kowa. An san tun zamanin Paul Broca, a shekarun 1860, cewa harshe a hagu ya fi zama ga yawancin mutane, shi ya sa muka tsaya. Da muka bi diddigi, ashe wajen sauya fayilolin daga tsarin na'ura ne aka juya su. Da aikin ba na harshe ba ne, babu abin da zai fargar da mu, domin ƙwaƙwalwar da aka juya kamanninta ɗaya da wadda ba a juya ba. Tawagar AFNI ta ba da rahoto a 2020 cewa ta sami irin wannan juyi har a rumbunan bayanai da kowa ke ɗiba. Shi ya sa wasu ke manna ƙwayar bitamin E a gefe ɗaya na kan mutum kafin ya shiga na'ura, ta fito fara tas a hoto ta zama shaida. A hoton mujalla kuwa, harafi ɗaya a gefen yanka, mai nuna ina ne hagu, ya raba gardama.

Wane yanka za a nuna? Nan ma akwai jarrabawa. Yanka uku da suka ratsa ƙololuwar tabon da marubuci ke so za su nuna shi kyakkyawa, su ɓoye sauran. Jerin yanka daga ƙasan kai zuwa sama, a tazara ɗaya, kowanne da lambar wurinsa, ya fi adalci. Akwai kuma hoton da ake kira ƙwaƙwalwar gilas, wanda ke tara duk tabon a kan zane ɗaya kamar ana hangen cikin kwalba. Ba ya ɓoye komai, sai dai ba ya nuna zurfi, sai an haɗa fuska uku. Fatar ƙwaƙwalwa kuwa kamar gonar da aka yi wa huɗa take, kunya da kwari, kuma kusan kashi biyu cikin uku nata a cikin kwarin yake. Manhajoji irin su FreeSurfer suna hura ta ta miƙe, a ga abin da ke cikin kwarin. Amma wannan hoto na fata ne kaɗai. Sassan da ke can ciki, irin su amigdala da talamus, ba sa fitowa a kansa, sai an ƙara musu yanka.

Kusa da hoton ƙwaƙwalwa sau da yawa akan sa zanen sanduna, mai nuna yadda sigina ta tashi a yankin da ya yi launi. A kula. Idan ka zaɓi boksel saboda su suka fi nuna bambanci, sannan ka zana bambancin daga cikinsu, ka tsince manyan mangwaro ne daga kwando ka auna su ka ce haka lambun yake. Nikolaus Kriegeskorte da abokansa, da kuma Edward Vul da nasa, sun bayyana wannan zagaye a 2009. Yankin a zaɓe shi daga taswirar siffa, ko daga wasu bayanai daban. Kuma a zuba ɗigon kowane mutum a kan sandar, a ga ko mutum biyu ne suka ja sauran.

Sauran sharuɗɗan na mujalla ne, ba su da wuya. Yawanci ana neman ɗigo 300 a kowane inci. Nature, misali, tana son faɗin milimita 89 ga hoto mai ɗaukar rabin faɗin shafi, 183 ga mai cika shi, don haka a haɗa hoton a girman da za a buga shi, kada rubutun ya koma kamar ƙafar tururuwa. Tsarin fayil na JPEG yana ɓata gefen launi, a yi amfani da TIFF ko PNG, rubutu da layuka kuma a bar su a PDF. Ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a manna, a guje shi. Abin da na fi nacewa a kai shi ne a haɗa hoton da rubutaccen umarni, ta manhajar nilearn ko MRIcroGL ko makamantansu, maimakon latse-latsen hannu. Mai tace takarda zai dawo bayan wata huɗu ya ce a cire mutum ɗaya a sake lissafi, kuma a ranar babu wanda zai tuna a wane yanka aka tsaya ko wace lamba aka sa a ƙarshen sandar launi.

Wannan fage bai yi mana nisa kamar da ba. Na'urorin MRI a asibitocinmu kaɗan ne, kuma marasa lafiya ne ke layi a kansu, amma rumbun OpenNeuro yana ba da bayanan bincike kyauta, AFNI da nilearn ma kyauta ne. Ɗalibi a Kano ko Zariya ko Yamai mai kwamfuta da intanet zai iya sauke bayanai, ya yi lissafi, ya fitar da hoton da zai shiga mujalla. Kafin ya tura, ya duba jerin ƙa'idojin COBIDAS da ƙungiyar masu binciken taswirar ƙwaƙwalwa ta fitar a 2016, ya tabbata bayanin ƙasan hotonsa ya faɗi wane aiki aka kwatanta da wanne, mutum nawa ne, me launin ke aunawa, wane gyara aka yi, a kan wace ƙwaƙwalwa aka shimfiɗa. Sannan ya ɗora cikakkiyar taswirar, wadda ba a yanke ba, a NeuroVault, rumbun da aka buɗe don wannan aiki, ya sa adireshinta a takardar. Duk wanda ya buɗe ta zai tarar da ɗan akwatin nan a gefe, ya rubuta 2.3 ko 3.1 ko 4.5 da hannunsa.